Shekarar da Inna Ta Raɗa wa Greensboro Sunaye

Ummi, ke da ƙaninki Khalifa kun taso kuna jin labarin nan a bakin mutane, kowa kuma da yadda yake ba da shi. A wajen suna ko walima sai wata ta kama kumatunki ta ce, "Wannan ce jaririyar da kakarta ta ɓace da ita?" a yi dariya a wuce. Khalifa kuwa ya taɓa tambayata, da Turancin nan nasa da ba ya ajiyewa, wai ko gaskiya ne Babanku ne ya mayar da Inna Kano saboda fushi. A ranar cewa na yi ya ci abincinsa kafin ya huce. Yanzu da furfura ta gama da gaban kaina, gara in rubuta muku yadda abin ya faru, kada ku ɗora wa Babanku laifin da ba nasa ba, kada kuma ku riƙa tuna kakarku a matsayin tsohuwar da ta ruɗe.

Na zo garin nan a farkon shekarun dubu biyu da akwati biyu. Ɗaya na tufafi ne, ɗayan kuwa rabinsa littattafan soyayya ne da na tara tun ina 'yar sakandare, waɗansu duk bangonsu ya cire. A cikin littattafan nan, in amarya ta sauka daga jirgi, angonta na tsaye da furanni, ya yi ƙasa da murya ya ce mata tun da ta tafi bai ga hasken rana ba. Ni da na sauka, Babanku na tsaye da wata ƙatuwar rigar sanyi da ya aro, ya miƙo mini ya ce, "Sa wannan, ana sanyi a waje." Na yi kuka a mota, shi kuma ya ɗauka kewar gida ce. Sai da na shekara goma kafin in gane cewa rigar nan ita ce furanninsa. Yana aiki a wani kamfanin kujeru, shif ɗin safe wannan mako, na yamma wancan, ni kuma ina zaune a afatmen ɗinmu da ke bayan High Point Road, ina sake karanta littattafan da na haddace.

Da na gaji da zama, wata 'yar garinmu ta samo mini aikin kula da wata tsohuwa a Irving Park, unguwar manyan gidaje da dogayen bishiyoyi. Sunanta Misis Hilda. Haifaffiyar Ingila ce, aure ya kawo ta Amurka tun tana budurwa, ta koyar a makaranta har ta yi ritaya, mijin ya rasu, 'ya'yan suka watse. Idonta ya yi rauni, don haka ban da girki da ba ta magani, aikina shi ne in karanta mata. Ba labari take so ba. Wata tsohuwar taswirar Ingila gare ta, duk ta tsage a wajen ninki, ita take so in riƙa bi da yatsa ina kiran sunayen garuruwa. Ranar farko na iso kan Leicester, na karanta shi yadda aka koya mini karatu, kowane harafi na ba shi haƙƙinsa. Ta yi dariya har sai da na miƙa mata ruwa.

"Lesta ake cewa, 'yata. Lesta kawai."

Na sake duba takardar na ce, "To sauran haruffan fa, ina suka tafi?"

"Baki ya cinye su," in ji ta. "Shekara da shekaru mutane suna faɗa cikin sauri, a kasuwa, a gona, a bakin kogi. Takarda tana riƙe abin da aka rubuta mata, shi baki ba ruwansa."

Daga ranar abin ya shiga raina. Ta nuna mini cewa yawancin sunayen nan da nake jin tsoronsu magana ce ta yau da kullum da ta tsufa. Oxford, wai mashigar shanu ce a kogi. Garuruwan da ke da wutsiya irin ta Lesta, da can sansanin sojojin Rumawa ne. Ko Greensboro ɗinmu, ta ce, sunan wani janar ne aka haɗa da tsohuwar kalmar da ke nufin birni mai ganuwa, kuma da can da doguwar wutsiya ake rubuta shi, daga baya aka datse. Ta sa na ɗauko mata wani gwangwanin biskit, ta fito da ambulan uku da suka zo daga ƙauyensu, ɗaya daga kakarta, ɗaya daga mahaifiyarta, ɗaya daga wani ofis. Ƙauye ɗaya ne, amma kowa da yadda ya rubuta sunansa. Ta ce asalin sunan bai wuce "gonar wane" ba, wani manomi da ba wanda ya san kabarinsa. Ni kuwa nan take na fara tsara masa labari, na ce ƙila wata yarinya yake so a ƙetaren rafi, ya share gonar don ta gani.

"Ke dai komai sai kin sa masa saurayi," in ji Misis Hilda.

Ni ma na ba ta namu. Na gaya mata yadda muka karɓi Port Harcourt muka mayar da shi Fatakwal, da yadda a Kano muke da Birget da Nomansilan, unguwannin da Bature ya raɗa wa suna, bakinmu ya sake musu kama. Na gaya mata Rijiyar Zaki, inda ban taɓa ganin rijiyar ba balle zakin. Ta sa na rubuta mata su a littafinta da manyan baƙi yadda za ta iya gani. Haka muka yi ta yi kusan shekara biyu, ta ba ni ɗaya in ba ta ɗaya, kamar masu musayar goro.

A shekara ta uku na samu cikinki, Ummi. Da a gida ne, da na tafi goyon ciki wajen Inna. Tunda ba hali, sai Babanku ya yi ta zirga-zirgar takardu har aka ba ta izinin zuwa na wata shida. Inna mace ce da ta yi shekara arba'in tana taka Kano da ƙafarta, tana kai wa matan kulle atamfa da kayan koli gida-gida. Ba ta yi boko ba, amma ba lungun da ba ta sani ba daga Jakara har Gwammaja. Ta iso da kanwa da daddawa da turaren wuta, kuma a kwana na biyu turaren nata ya tayar da na'urar hayaƙi, maƙwabta suka fito da gudu. Ita ta yi mini wankan jego a bahon banɗaki, tana ta mita wai ruwan famfon Amurka ba ya tafasa da zuciya ɗaya. Sunanta aka sa miki, shi ya sa ba wanda ke kiran ki da shi a gidan nan. Ragon suna kuwa a McLeansville aka sayo shi wajen wani manomi, kuma tun a hanyar dawowa Inna ta ce wurin Ƙauyen Awaki ne, ba ta da lokacin murɗe harshe.

Da na yi arba'in na koma aiki, sai ya zama daga safe zuwa la'asar ke da ita ce a gida. Ba a yi mako ba ta ce bangon gidan yana matse ta. Ta goya ki da zane, ta yafa mayafi a kan rigar sanyi, ta fita. Na yi ƙoƙarin koya mata sunayen tituna, ta ƙi.

"Inna, ki ce High Point Road."

"Wa ya raɗa masa?"

"Oho, haka na tarar."

"To ni ban halarci sunan ba," in ji ta. "Wurin da ba ka san sunansa ba, shi ma bai san naka ba. Bari in zagaya mu gaisa tukuna."

Haka ta yi ta gaisawa da garin, tana dawo mini da sunaye kamar mai dawowa daga kasuwa. Inda dillalan motoci suka jera hajarsu da tutoci, ta ce 'Yan Mota. Cocin nan mai farin tsini, Dogon Coci. Shagon da muke sayen garin tuwo da busasshiyar kuɓewa, Kantin Ɗan Maraɗi. Da na kai ta Irving Park ta gaisa da Misis Hilda, ta dubi gidajen da shuke-shuken ta ce, "Ashe nan ma akwai Nasarawa." A bakin titi kusa da gidanmu akwai wani benci na masu jiran bas a ƙarƙashin wata babbar bishiya, nan take zama ta kwance ki ta gyara goyo kafin ta ƙarasa gida. Wannan ba ita ta raɗa masa ba. Matan unguwarmu ne, 'yan Najeriya da 'yan Nijar, da suka saba ganinta a wurin, suka fara ce masa Inna Ta Huta.

Ni abin daɗi ya yi mini, ba zan ɓoye muku ba. Garin da na shekara uku ina jin kamar a gidan surukai nake, sai ga shi ya fara kama da namu. Da yamma ina kai wa Misis Hilda sababbin sunayen, tana rubutawa tana jinjina kai. Babanku ne kaɗai ya yi tunanin abin da ya kamata. Ya rubuta adireshinmu da lambar wayarsa a takarda, ya ba Inna, ya ce kada ta rabu da ita ko da wasa. Ta karɓa da hannu biyu ta ce in sha Allahu. Daga baya ta koyi hawa bas zuwa Kantin Ɗan Maraɗi da dawowa, mu duka muka saki jiki.

Wata Talata ce a farkon sanyi, kina da wata uku. Ina cikin dama wa Misis Hilda miya da azahar sai wayata ta yi ƙara. Babanku ne, ya taso daga shif ya tarar da gida ba kowa. Ya je benci, ya je kanti, mai kantin ya ce ta sayi manja tun da hantsi ta fita. Kwalbar madararki tana kan tebur, ba a taɓa ba. Na ce masa ai tana da takarda, duk wanda ta nuna wa zai kira. Ya ce takardar ga ta a hannunsa. Ya same ta a ƙasan akwatin Inna, a naɗe cikin ƙyalle tare da fasfo ɗinta da takardar gidanmu na Kano. Ranar da ya ba ta ya ce mata abu ne mai muhimmanci, ita kuwa a saninta takarda mai muhimmanci ba a yawo da ita a titi.

Misis Hilda ta ji muryata ta canja. Da na gaya mata, ta ce in ɗauko makullin motarta da sandarta, ba za ta zauna tana jira ba. Muka iske Babanku a ƙofar gida tare da wani ɗan sanda matashi, mai ladabi, da taswira a shimfiɗe a kan motarsa. Ya tambaye ni wuraren da ta saba zuwa. Na buɗe baki, sai na ji abin da ke kan harshena 'Yan Mota ne da Dogon Coci. Wallahi a wannan lokacin na kasa tuna sunan titi ko ɗaya na gaskiya. Wata biyu ina jin hanyoyin uwata a bakinta, ban taɓa zama na daidaita su da abin da ke rubuce a allunan titi ba. Ɗan sandan ya sake tambaya, in wani ya tsayar da ita, me za ta ce masa game da inda take zaune?

Na ce, "Za ta ce Inna Ta Huta."

Ya riƙe biro yana jira in fassara. Na fassara, ya rubuta, ya dubi Babanku, Babanku ya dubi ƙasa.

Awa uku muka yi muna zagaye, ni ke tuƙi, Misis Hilda na gefe tana ce mini in rage gudu, ita da ba ta gani sosai ita ce ke leƙen kowane benci. Rana ta fara sanyi, iska ta taso. Ba abin da nake lissafi sai cikinki da ba komai tun safe, da ƙafafunki da na san safa ɗaya ce a jikinsu. A littattafan da na karanta, a irin wannan wuri jaruma takan faɗi sumamma a yayyafa mata ruwa. Ni ban samu wannan gatan ba, ga sitiyari a hannuna. Abin da na yi ta maimaitawa a zuciyata shi ne, ni na jawo, ni na mayar da abin wasa.

Ana gab da magariba muka dawo ta wajen gida don mu ga ko an samu labari, sai ga wata tasi ta tsaya daidai bencin nan. Inna ta fito da ledar manjanta, ke kuma kina barci a bayanta, an lulluɓe ki da rigar direban. Ban san lokacin da na bar motar a kunne na fita ba.

Direban Malam Isufu ne, mutumin Damagaram, ba mu taɓa haɗuwa ba sai ranar. Shi ya ba mu labarin. Ashe an rufe wani ɓangare na titin ana gyara, bas ɗin ya bi wata hanya, Inna ba ta ga Dogon Coci ba balle ta san ta kusa sauka. Ta zauna har babbar tasha ta cikin gari, ta shiga wani bas mai launi iri ɗaya, ya kai ta can wani gefen gari. Ta sauka ta yi ta tafiya tana tambayar mutane 'Yan Mota. Wata mata a shagon wanki ta zaunar da ita, ta ba ta shayi, ta aika aka sayo miki madara, amma an rasa mai jin maganar wani. Shi kuma ya zo wucewa ya hango goyo ta gilashi.

"Na ce wannan ɗaurin zanen ba na nan ba ne," in ji shi. "Na shiga na yi sallama, ta amsa kamar ta ga ɗan cikinta. Na ce, Hajiya, ina ne gida? Ta ce in na wuce 'Yan Mota, kafin karfur ɗin Dogon Coci, wato mahaɗar titunan nan. Na ce, to ai Inna Ta Huta ke nan, can maiɗakina take jiran bas in za ta kai yara lakwal, makarantar boko. Kin san wurin?"

Inna ta karɓe zancen tana gyara mayafi. "Na ce masa, yaro, ni ce Innar."

Malam Isufu ya yi ta dariya yana tafa hannu. Ya ce shi a zatonsa tsohon suna ne da 'yan uwa suka tarar, bai san mai sunan tana raye ba, har ga ta a bayan motarsa tana yi masa faɗa a kan gudu. Daga bakin matan unguwarmu sunayen sun shiga bakin mazajensu, daga nan suka shiga bakin direbobin tasi, mu ba mu sani ba.

To, ga wurin da nake so ku saurara da kyau. Babanku bai ce wa Inna uffan ba. Ya gode wa Allah, ya gode wa Malam Isufu, washegari ya sayo wata 'yar jaka mai igiya ya sa takardar a ciki, ya roƙe ta ta riƙa ratayawa a wuya. Iyakar abin da ya yi ke nan. Ni ce tsoro ya mayar da ni wata iri. Na ce daga yau ba a ƙara kiran wani wuri da sunan wasa a gidan nan. Na ce ba za ta sake fita da ke ba sai ta iya faɗin adireshinmu da Turanci. Kowace safiya kafin in tafi aiki sai in zaunar da uwar da ta haife ni, in sa ta biya kamar mai karatun allo. Da na dawo wata rana na ga alamar ta fita, sai washegari na ɗauke takalmanta na waje na sa a but ɗin mota na tafi da su wajen aiki. Na rubuta wannan ne don ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Babanku bai sani ba.

Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cikin mako biyu ta haddace adireshin tsaf, har da lambobin. Na dawo mata da takalman na ce yanzu tana iya fita. Ta fita sau ɗaya, ta dawo ba a daɗe ba, ba ta kawo mini suna ko ɗaya ba. Daga nan sai zama a bakin taga, tana jan carbi, kina kan cinyarta.

Na ce, "Inna, yau ba za ku je kanti ba?"

"Na je na gaishe su da sunayen da kika ba ni," in ji ta. "Ba su amsa ba."

Na kai wa Misis Hilda ƙara, ina neman wanda zai ce na yi daidai. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce in ɗauko littafinta in karanto mata sunayen Inna. Na karanta. Ta ce, "Abin da uwarki ta yi shi ne abin da kakannina suka yi da suka isa inda ba su sani ba. Sun ga shanu suna ƙetare ruwa, suka faɗi abin da suka gani. Ke kina cewa sunayenta ne suka ɓatar da ita. Ni ina cikin motar nan, na ga abin da ya dawo da ita." Na ji maganar, amma ban sauko ba. Ina ganin in na sauko kamar na yarda a sake ɓatar mini da 'ya.

Saura wata biyu izininta ya ƙare Inna ta ce za ta koma, wai sanyi ya shiga ƙashinta. Babanku ya roƙe ta har sau uku, ya ce ko don Ummi. Ta ce Ummi ta yi ƙwari. A filin jirgi ta sa miki albarka, ta sa wa Babanku, ta riƙe hannuna ta ce in riƙa fita ina shan iska, in rage karatun ƙarya. Na yi niyyar in ce ta yafe mini maganar takalma, sai na ce a raina bari sai na je gida da ke, in durƙusa a ɗakinta in faɗa yadda ya kamata. Da shekara ta zagayo, da damina, aka bugo waya ta rasu bayan zazzaɓin kwana uku. Misis Hilda ma ba ta daɗe ba bayanta. 'Yarta ta aiko mini da littafin nan, yana nan a cikin akwatin littattafaina, a sama.

Kun san an cire bencin tuni, bishiyar ma an sare ta da aka faɗaɗa hanya. Titin kansa hukuma ta canja masa suna, yanzu Gate City Boulevard ne a allo, kuma har yau tsofaffin gari High Point Road suke cewa. Ni na daɗe ban bi ta wurin a ƙafa ba. Bara aka yi rasuwa a wajen 'yan uwanmu na Nijar, ana ta turo kwatance a waya. Wata ta rubuta a sauka a Natahuta, wata ta rubuta Natauta, wani kuma Natawta. Na daɗe ina kallon rubutun nan uku, na tuna da ambulan ɗin cikin gwangwanin biskit. A gidan rasuwar na zauna kusa da wata amarya da ba ta fi wata biyar da zuwa daga Maraɗi ba. Na tambaye ta ta ina ta biyo, ta ce ta Natauta. Na ce mata wane irin suna ne wannan.

"Anti, ai ba Turanci ba ne," in ji ta da ƙarfin gwiwa. "Maigidana ya ce yaren mutanen ƙasar nan ne na asali, tun kafin Turawa su zo."

Na ce, "Ikon Allah. Me yake nufi?"

"Wai wurin hutawa."

Ban gyara mata ba. Na ce mata maigidanta ya kusa gaskiya, na miƙa mata dabino. Baki ya riga ya fara cin sunan, kuma na koya tun a ɗakin Misis Hilda cewa ba a ƙwace abu daga baki. Amma ku jikokinta ne, ku ba za ku ce ba ku sani ba. Mace ce doguwa mai wushirya, tana zama a wurin ta kwance goyo, ta share miki gumi da bakin mayafinta, Ummi. Ranar da za ku zo hutu ku kai ni wurin, mu sauka daga mota mu taka da ƙafa, ina da maganar takalma da ban faɗa mata ba. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta.